Farin Zakara a Gaban Buda

Tun da na shiga gidan Andarawus ban taɓa ganin ya yanka ko kaza ba. Badukke ne fa, daga Dukawan Rijau, daga gidan maharba, inda yaro ba ya amsa sunan namiji sai ya shigo gari da nama a kafaɗa. Amma shi ko kunama ya gani a ɗaki sai ya nemo ƙoƙo ya kife ta, ya zura faifai ta ƙasa, ya kai ta bayan gari kamar mai rakiyar baƙuwa. Ɓerayen da suke cinye mana dawa a rumbu ma rakiyar yake yi musu, su kuwa kafin ya juyo sun riga shi dawowa gida. Na sha gaya masa cewa in ɓerayen Kontagora suka tashi naɗa sarki ba za su yi dogon nema ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Asibi ke nan," ya ci gaba da abin da yake yi.

Shekara da shekaru babu wanda ya lura a unguwa. In Kirsimeti ta zo, wurin maƙwabcinmu Malam Modibbo ake kai akuyarmu ya yanka, don Musulmin layinmu su ci tare da mu, kuma haka kowane gidan Kirista yake yi. Kowa ya ɗauka zumunci ne kawai. Ni kaɗai na san cewa ko da babu Musulmi ko ɗaya a garin, mijina ba zai ɗauki wuƙar ba.

Yaƙin Bama ne sanadi. Turawa sun kwashe shi yana saurayi suka kai shi can bayan teku. Abin da ya yi a wurin bai taɓa gaya mini duka ba, ni ma ban matsa ba. Abin da na sani shi ne harsashi ya same shi a cinya a cikin wani daji, abokansa suka ɗauka ya mutu suka wuce. Wasu mutane masu aske kai ƙwal, masu yafa zane launin manja, su suka tsince shi suka kai shi gidan ibadarsu. Ciwon cinya ya warke da wuri, na kai ne ya ƙi. Ganye in ya faɗi sai ya zabura yana laluben bindiga, in suka buga ƙararrawarsu sai ya kife a ƙasa yana ihu.

Babbansu wani tsoho ne da ya taɓa aikin akawu, yana jin Turanci kaɗan, shi kuma Andarawus yana da na bariki. Da wannan guntun Turancin tsohon ya koya masa zama. Zama kawai: ka naɗe ƙafafu, ka miƙe baya, ka bi numfashinka yana shiga yana fita. Tsoro in ya zo kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi, ka dube shi har ya gaji ya wuce, don babu abin da ke zuwa ya tabbata. Andarawus ya ce mutanen nan ko ruwa za su sha sai sun tace da ƙyalle, ba don ƙyama ba, don tausayin ƙwaron da ke ciki. Ranar da zai bar su tsohon ya ce masa jinin da ya zubar ne ke bin sa, in yana so zaman ya riƙe shi, to ya ɗauki alkawari ba zai ƙara ɗauke ran wani abu mai numfashi ba. Ya ɗauka. Tsohon ya ba shi wani ɗan mutum-mutumi na ice, bai wuce tsawon tafin hannu ba: mutum ne a zaune, idanunsa a lumshe, hannun hagu a kan cinya, yatsun dama suna taɓa ƙasa.

"Sunansa Buda," in ji shi, ranar da na fara ganin abin na ja da baya. "Ba allah ba ne, Asibi. Mutum ne, malami, ya mutu tun kafin a haifi Almasihu. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya ba kowa komai. Ina duban sa ne in tuna yadda ake zama."

Ni ban so abin ba. Ubana da hannunsa ya ƙone kayan tsafin gidanmu ranar da aka yi masa baftisma, ga shi na auri mutumin da kullum da safe kafin ya tafi gona sai ya kife turmina a ɗakin ajiya, ya ɗora ɗan icen nan a kai, ya zauna a gabansa shiru. Ran Lahadi kuma muryarsa ta fi ta kowa a coci. Na yi mita har na gaji. Abin da ya rufe mini baki wata damina ce, da fartanyarsa ta raba wani kwaɗo biyu ba da gangan ba. Ya dawo gida fuskarsa ta sauya. Kwana da kwanaki bai san ni ba, yana kira na da sunan wani soja da ya mutu, yana cewa in kwanta ƙasa kada su hango ni. Da ƙyar ya lallaɓa ya koma gaban turmi, zaman ya dawo da shi a hankali. Daga nan na gane cewa hankalin mijina a kan alkawarin nan yake tsaye, ba shi da wata ƙafa. Har goge wa icen ƙura nake yi, ina yi ina tsaki.

Haka muka zauna har muka haifi Shadrak, shi kaɗai Allah ya bar mana, ya girma ya zama yaron mota a tasha. Sai yaƙin basasa ya tashi. Motocin soja suka fara kwasar samari, aka kuma yi shela cewa tsofaffin sojojin Bama su fito. Andarawus ya je ya nuna musu cinyarsa ya dawo gida.

A cikin kwanakin nan ne Fure ta shigo mana da sassafe. Fure Bakambariya ce daga Salka, tana kawo mini daddawa ran kasuwa, kuma ita da mutanen gidansu suna kan addinin kakanninsu. Na fita ɗebo ruwa, ta yi sallama ba a amsa ba, ta leƙa ɗakin ajiya. Ta ga tsohon soja, wanda harsashi ya shiga jikinsa bai kashe shi ba, zaune shiru a gaban gunki a kan kifaffen turmi. Mace kamar Fure ba sai an yi mata bayani ba, ta riga ta san abin da ta gani. Ran kasuwa mai zuwa sai ga ta da farin zakara a hammata.

"Baba, yarona ya shiga soja," in ji ta, ta durƙusa. "Ka yanka masa wannan a gaban naka na Bama. Yadda ya kawo ka gida, shi ma ya kawo shi."

"Tashi, uwar gida," in ji Andarawus. "Wannan ba ya shan jini. Mutumin da aka sassaƙa nan, babban abin da ya hana ke nan. Ba ya tare harsashi, ga cinyata ki gani."

"Ai ka dawo."

"Mutane ne suka ɗauke ni."

"Shi ya aiko su." Ta juyo wurina. "Dukansu haka suke cewa da farko. Mai abu ba ya amsa yana da abu sai ka zo sau uku."

Ta ɗaure zakaran a jikin rumbu ta tafi. Andarawus ya kwance shi ya watsa masa dawa. Ta zo na biyu, ta zo na uku, kowane zuwa da zakara, kuma a na ukun ba ita kaɗai ta zo ba. Kafin kaka labari ya kai Sahon Rami, ya kai Rijau. Duk macen da ɗanta ya hau motar soja sai ta nemo farin zakara ta nufo gidanmu, har da masu zuwa coci, su kan zo ta bayan gida da mayafi a ka. Yana yi musu bayani suna gyaɗa kai, su ajiye zakara su tafi. Ya hana a yanka, ya hana a sayar, wai ba namu ba ne, amana ce. Gidana ya koma akurki. Da asuba ba ka jin maganar na kusa da kai, tsakar gida ba wurin taka ƙafa, dawar da ɓeraye suka raga zakaru suka ƙarasa. Na ce masa, "To, sarkin ɓeraye ya ƙara ƙasa." Wannan karon bai yi murmushi ba.

Dattijo Bitrus na cocinmu ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ƙare wa zakarun kallo. Shi ma ɗan Rijau ne, shi ma ya ƙone kayan tsafin gidansu, ya san abin da farin zakara yake nufi. Bai saurari dogon bayani ba. Ya ce har sai an ƙone gunkin, Andarawus ba zai ƙara cin Jibin Ubangiji ba. Mijina ya koma bencin baya ya ci gaba da rera waƙarsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu tsafi da masu coci, da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan magana ɗaya: Andarawus maƙaryaci ne.

Ban san ɗana ma yana cikinsu ba. Wata rana da yamma ya dawo daga tasha ya zauna kusa da ubansa da ke gyara ƙotar gatari.

"Baba, zan shiga soja. Duk sa'o'ina sun tafi."

"Kada ka je."

"Kai ai ka je ka dawo."

"Wanda ya je bai dawo ba, Shadrak. Wanda kake gani wani ne aka harhaɗa. Za su ba ka bindiga su nuna maka ɗan wani su ce ka harba, kuma za ka harba. Bayan nan su sun gama da kai, shi kuwa bai gama ba."

Yaron ya sunkuya yana wasa da tsakuwa. Na shiga maganar na yi faɗa, na yi kuka, na rantse zan bi motar da ƙafa. Ya ce to ya ji. Ba a yi mako ba muka tashi babu shi, da ubansa ya shiga ɗakin ajiya kuma babu ɗan icen. Duk maganar da uban ya yi masa ya bar ta a gida, ya ɗauki icen ya tafi.

Na ɗauka ranar mijina zai zauce. Sai na ga ya kife turmi yadda ya saba, ya naɗe ƙafafu a gaban turmin da babu komai a kai. Da ya fito na ce, "Me kake kallo?" Ya ce, "Ai na gaya miki ice ne." Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar nan ta ƙona mini rai. Ɗana yana bakin wuta, ni ba na iya haɗiye tuwo, shi kuma yana zaune yana bin numfashi. Daga baya na lura cewa in ya gama yakan motsa baki. Na tambaye shi, ya ce fatan alheri yake yi wa Shadrak, da waɗanda Shadrak zai haɗu da su. Na ce waɗancan su nemi nasu uban.

Yaƙi ya ƙare, Shadrak ya dawo da ƙafafunsa. Ya sauko daga mota a rame, ga wani ƙunshin fata a wuyansa kamar laya, an ɗinke Buda a ciki. Tun daga tasha mutane suka biyo shi suna nuna wuyan. To, me kuma Andarawus zai ce? Uba ya je da abu ya dawo, ɗa ya je da abu ya dawo. Bayanin da ya yi shekaru yana yi ya tashi a banza a yini ɗaya.

Ɗan Fure bai dawo ba. Ta zo ta tsaya a ƙofar gidanmu ba zakara a hannu, ba ta durƙusa ba.

"Ka ba naka, ka hana nawa," in ji ta. "Sau uku na zo. Jini kaɗan na roƙa."

Ta tofa yawu a bakin zaure ta juya. Ban ga laifinta ba, don da ɗanta ne ya dawo nawa ya zauna can, da na yi abin da ya fi tofa yawu.

Murnata ba ta daɗe ba. Shadrak ba ya iya riƙe ƙoƙon kunu, hannunsa rawa yake yi har ya zube. In ya ci loma biyu sai ya fita ya amayar. Ba ya yarda a taɓa ƙunshin wuyansa, ba ya kuma iya kallon sa. Na kai shi asibiti suka ba shi ƙwayoyi, mata suka zo daga coci suka yi addu'a, Malam Modibbo ya aiko da rubutu, na ba shi ya sha ban tsaya tambayar Dattijo Bitrus ba. Kullum ƙara lalacewa yake yi. Sai wata rana muna zaune a inuwar rumbu ya faɗi abin da ke cin sa.

"Muna ƙetare wani kogi suka buɗe mana wuta. Na dama da ni ya nutse, na hagu ya nutse. Na kama shi a wuyana na ce in ka fitar da ni zan ba ka farin zakara, kuma ubana, mai kai, shi zai yanka da hannunsa. Ya fitar da ni. Baba, yanzu yana tambaya. Duk loma in na kai baki sai ya ce ina nawa."

"Ba shi ba ne ke tambaya," in ji uban a hankali. "Na san mai tambayar, ni ma ya bi ni. Zo in nuna maka abin da aka nuna mini."

Ya kai shi ɗakin ajiya, ya naɗe masa ƙafafu, ya dafa masa baya ya miƙe. Ina leƙe ta ƙofa. Yaron ya lumshe ido bai kai numfashi uku ba ya zabura ya bangaje ƙofa ya fito yana haki, wai da ya rufe ido fuskoki yake gani. Uban ya ce haka ne da farko, shi ma sai da ya yi watanni. Suka sake gwadawa washegari, da jibi, har kaka ta wuce. Abin da ya kama uban a Bama ya ƙi kama ɗan a Kontagora. Wataƙila don tsohon nan baƙo ne ga Andarawus, shi kuwa Shadrak ubansa yake gani, uban da yake da magani a tsakar gida yana yawo da ƙafa biyu ya ƙi ba shi.

Na ce to Malam Modibbo ya yanka. Shadrak ya girgiza kai. Na ce ni zan yanka, ko da mace ba ta yanka. Ya ce, "Mama, kin sani." Na sani kuwa. Duk wanda aka haifa a ƙasar Rijau ya san cewa alkawarin da aka yi wa abu ba ya sauka sai da hannun mai abin. Baftisma ta wanke mana abubuwa da yawa, wannan sanin ba ta wanke shi ba.

Da ya kai ba ya iya tashi zuwa bayan gida sai an riƙe shi, na tari mijina a hanyar gona, inda babu mai jin mu.

"Baban Shadrak, yaron nan mutuwa zai yi."

"Na gani."

"Zakara ɗaya ne. Ga su nan sun tsufa a gidanka suna cin dawata."

"In na yanka na ce masa abin da yake tsoro gaskiya ne. Na ce wa Fure gaskiyarta ce, ni na hana ɗanta. Na kuma ɗauki mutumin da ya hana jini na shafa masa jini."

"Ice ne, kai ka faɗa da bakinka."

"Icen ba zai ji komai ba. Ni ne."

"Na san kai ne," na ce. "Na ga ranar kwaɗo, ban manta ba. In ka haukace zan yi jinyarka, na taɓa yi. Shi in ya mutu wa zan yi jinya? Tsohon naka na Bama ba shi da ɗa, shi ya sa alkawari ya yi masa araha."

Na faɗa, kuma ko yau aka mayar da ni hanyar gonar nan zan sake faɗa. Ya ce, "Ba haukan nake tsoro ba." Na ce to mene ne, sai ya saɓa fartanya ya wuce.

Washegari da hantsi ya ce in kife turmi a tsakar gida. Na riƙo Shadrak na zaunar da shi a tabarma. Uban ya farke ɗinkin fatar ya fito da Buda, ya yi baƙi da gumi da datti, amma fuskar tana nan yadda take, a lumshe, ba ruwanta. Ya goge shi da gefen rigarsa ya ɗora a kan turmi. Ya tsaya a gabansa ya faɗi wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Dukanci ba, ba kuma Turanci ba, ban taɓa jin su a bakinsa da ƙarfi ba sai ranar. Sannan ya ce in miƙo wuƙar girki.

Na ɗauka zai yi ta fama, hannu na rawa, sai an riƙe masa. Ina! Ya miƙa hannu ya cafko zakara ɗaya cikin garken ba tare da ya bi shi ba, ya take fukafukan da ƙafa, ya ja wuƙa sau ɗaya. Ko Malam Modibbo da ya shekara yana yanka bai kai shi sauri ba. Jini ya zuba a kan icen, ya gangara ta hannun da ke taɓa ƙasa, ya bi jikin turmina.

Shadrak ya saki wani numfashi mai tsawo, ya kifa kai a cinyata ya yi kuka. Da azahar ya sha kunu bai amayar ba. Da yamma ya ce in tuƙa masa tuwo da miyar kuka, ya cinye ya nemi ƙari. Ba a yi wata ba ya koma tasha, hannunsa ya daina rawa, yanzu haka direba ne, yana da mata da 'ya'ya, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce na Bama ne ya sake shi. Ban taɓa musa masa ba.

Ni kuwa na shirya jinya. Na kwashe duk abin da ke ƙara in ya faɗi, na roƙi maƙwabta su daina daka kusa da katangarmu, na zuba ido ina jiran ihu. Ihu bai zo ba. Mijina ya ci tuwonsa ya yi barci har da minshari. Da safe na wanke turmi na kai ɗakin ajiya na kife masa. Bai shiga ba. Na same shi a bayan rumbu yana wasa wuƙar a kan dutse, yana gwada kaifin da babban yatsa.

Labarin yankan ya riga ya fita, don Kontagora ba a rufe ƙofa da magana. Kafin rana ta take sai ga wata mata daga Sahon Rami da farin zakara, ita ba yaƙi ya kawo ta ba, haihuwa take nema. Ta durƙusa ta fara dogon roƙo irin wanda suka saba, tana jiran a ce mata ta tashi, wannan ba ya shan jini. Andarawus ya karɓi zakaran ya take ya yanka, ya miƙa mata. Matar da kanta sai da ta tsorata. Da ta fita ya juya kan na gida, tsofaffin zakarun amanar nan da suka saba cin dawa a tafin hannunsa. Suna zuwa da kansu. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ba gaggawa, ba fushi, yana jera su a gindin katanga a layi, kawunan duk suna duban gefe ɗaya.

Na riƙe masa hannu na ce, "Baban Shadrak, ya isa. Je ka yi zamanka, na kife maka turmi."

Ya dube ni da idanu garau, babu alamar hauka a ciki, ya san ni sarai.

"Kin tambaye ni abin da nake tsoro," in ji shi. "A Bama ni ake turawa gaba in za a shiga wuri ba a so a ji ƙara. Ba tilasta ni ake yi ba, ni nake ɗaga hannu. Tsohon nan ya gane, shi ya sa ya nemi alkawari. Jiya da na ja wuƙar nan, Asibi, hannuna murna ya yi."

Na sake shi. Ya sunkuya ya miƙa tafin hannunsa ƙasa da 'yar dawa a ciki, zakaran da ya rage ya taho.